Murfin Inji da Tokar Juma'a

Me ya sa Malam ya ce a sa sabon murfin? An ajiye masa su biyu a gabansa, nasa da na kanti, aka ce ya zaɓa, shi kuma da bakinsa ya ce a cire wanda ya yi rabin rayuwarsa yana gogewa. Na tambaye shi yana da rai, bai ba ni amsar da zan riƙe ba. Yanzu yana maƙabarta, ni ina nan da tambayar, kullum ina juya ta kamar waken da ya ƙi dahuwa.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Faɗa nake yi ana rubutawa. Mai rubuta mini tsohuwar maƙwabciyata ce, malamar makaranta, Kirista daga ƙasar Zariya, wadda katanga ɗaya ta raba mu a Nassarawa. In na yi kuka sai ta ajiye biro ta jira ni. Na ce mata kada ta gyara mini zance, kada kuma ta sa sunan kowa. Wanda ya yi ya san kansa.

Malam mijina ne, direba. Daga ƙauyenmu na wajen Jigawa ya ɗauko ni ina amarya, ya kawo ni gidan wani Alhaji da yake tuƙawa, aka ba mu boskwata, ɗakin masu aiki, a bayan gida, jikin gareji, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. A nan na haifi 'yata, a nan na binne mabiyiyar waɗanda ba su tsaya ba. Alhaji mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Yana da motoci, amma guda ɗaya ce tasa ta zuciya, wata baƙa mai dogon hanci, wadda ya saya tun kafin a haifi babban ɗansa. Ita Malam yake ja, ba wanda yake taɓa ta sai shi.

In aka ɗaga bonet, abin da ido yake fara sauka a kai shi ne murfin inji. Dogo ne, kamar ƙaramin kwale-kwale a kife, na farin ƙarfe irin wanda ake ƙera tukwanen biki da shi. Da motar ta zo, murfin nan toka-toka yake, jikinsa da kaushi kamar tafin ƙafa. Wata rana Malam ya tarar da ni ina goge tukunyata da toka, ya tsaya a kaina yana kallo har na ji kunya. Ya ce in ba shi abin da ya rage. Daga ranar aka fara.

Da farko da sanfefa ya bi shi, mai kaushi sannan mai laushi, ba a wata ɗaya ba, ba a shekara ɗaya ba. Da jikin ya kwanta sai toka ta karɓi aiki. Tokar gawayi yake so, ba ta kara ba. Ni nake tankaɗe ta, a rariya tukuna, sannan in sake zuba ta a tsohon ɗankwali in girgiza har ta fito kamar kwalli. In tsakuwa ɗaya ta wuce, zai nuna mini zanen da ta yi a ƙarfen, ya ce uwargida ta yi masa tsaga irin ta mutanen garinsu. Yana ce mini uwargida alhali ni kaɗai ce. Sai ya ɗiga kananzir a tokar, ya naɗe tsumma a yatsu biyu, ya bi murfin daga kai zuwa gindi, hanya ɗaya, ba ya zagayawa. Duk zanen ɗaurawar da na gama da shi a can yake ƙarewa, ya zama tsumma. Daga murfin ya koma kan tulun iska, wato gidan matatar iskar inji, ya koma kan bakin lagireto, har sai da duk wani farin ƙarfe da ke cikin injin ya san hannunsa.

Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya kai Alhaji masallaci, yake wannan aiki. Dole ne, domin gogaggen ƙarfe ba ya riƙe haskensa. In ka bar shi ya kwana biyu, musamman da damina, sai ya dushe ya yi fari-fari kamar idon mara lafiya. Amma in an gama gogewa, hasken nasa ba ya soka ido. Yana da sanyi, kamar ruwa a randa. Kana ganin fuskarka a ciki, amma a tausashe, kamar ta ƙuruciyarka.

Alhaji in ya yi baƙi na kirki, bayan an ci abinci, sai ya ja su gareji ya ce a ɗaga bonet. Ba ya cewa ku ga motata. Cewa yake ku ga hannun direbana. Malam sai ya sunkuyar da kai, ya koma gefe, amma ranar nan ko miya ba ta ji gishiri ba, ba zai lura ba.

Babban ɗan gidan kuwa a bayana ya yi barci ba sau ɗaya ba. Inna yake ce mini, Malam kuma Baba Direba. Malam ne ya kai shi makaranta tun yana kuka a hanya har ya fara ɓoye sigari a safa, bai taɓa kai ƙararsa ba. Ranar Juma'a in babu makaranta, yakan zo ya tsuguna kusa da Malam, a yaga masa ɗan tsumma, a nuna masa wani gefe a ce ya goge. Ya koma ciki da toka har a gira, Hajiya mahaifiyarsa ta aiko a yi mana faɗa, mu yi dariya. Ki rubuta wannan da kyau, Malama, don a san ba baƙo ne ya yi mana ba.

Alhaji ya rasu ana gab da soja su sauka. Da aka koma mulkin farar hula, ɗan ya dawo daga inda yake kasuwancinsa ya ce zai yi takara. Gidan da a da ba ka jin komai sai kukan tsuntsu da ƙarar tiyon mai ban ruwan fulawa, ya cika da mutane tun daga asuba. Aka jera bencina a bakin get. Mu masu aiki aka ce mu daina kiransa yadda muka saba, Yallaɓai ne yanzu. Sai kuma ga maganar Shari'a ta taso, gari ya ɗauka. Ni na yi murna da ita, har guɗa na yi, don na ɗauka an zo wurin da talaka zai tsaya da mai kuɗi kafaɗa da kafaɗa. Yallaɓai ma ya bar gemu a shekarar, ya ɗage wando, ba ya buɗe baki sai ya ambace ta.

Mashawartansa suka ce masa motar mahaifinsa ita ce babbar fostarsa. Duk birni an san baƙar motar nan, an san alherin da ya fita ta tagarta. In ya shiga unguwa a cikinta, tsofaffi za su tuna. Aka sake mata fenti, aka sake kujeru. Sai wani abokinsa ya kawo masa tsaraba daga ƙasar waje: murfin inji da tulun iska da sauran tarkace, daidai da na motar, amma an tsoma su a wani ruwa da ake kira kurom. Abin kamar kwanon silba, har ya fi. Ba ya son toka, ba ya son hannu. A share shi da ƙyalle kawai, shi ke nan.

Ranar da za a yanke shawara ina shanya a bayan gareji, ina ganinsu ta ramukan bulo. Bakanike ya kwance murfin Malam, aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye shi kusa da sabon. Yallaɓai na zaune a kujera, abokansa a tsaye suna ta musu, rabi wasa rabi gaske. Wani dattijo cikinsu ya ce tsohon ya fi mutunci, kuma shi ne wanda marigayi ya sani. Wani ya ce ai tsohon nan mulkin soja ne, kullum sai an durƙusa masa kafin ya yi haske. Wani ya ɗaga sabon yana gyara hularsa a ciki, ya ce shi dai ya ga ɗan takarar da zai bi. Aka yi ta dariya.

Sai Yallaɓai ya ɗaga hannu ya ce, "To, yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa da bakinsa. Baba Direba, kai ne mai unguwar nan. Wanne za a ɗaura?"

Malam ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon su. Na ga ya miƙa hannu ya share wani ɗan ƙura a kan nasa da babban yatsa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na san abin da zai ce, na riga na fara jin tsoron kada su yi masa dariya in ya yabi aikin kansa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa sabon."

Wanda yake gyara hula ya ce, "Shi ke nan, an kayar da mai ci, kuma da ƙuri'arsa." Suka tafa. Bakanike ya ɗaura sabon kafin azahar. Tsohon kuma aka jefa shi bayan gareji kan tulin da ake tarawa masu sayen gwangwani, tare da matattun batira da fasasshen bokiti.

Da ya shigo cin abinci na tambaye shi. Ya ce motarsu ce. Na ce na san motarsu ce, amma ai tambayarka aka yi. Ya ce in miƙo masa ruwa. Tun daga nan nake lissafa dalilai. Ko kara ya yi wa yaron, don kada ya kunyata shi gaban abokin da ya kawo tsarabar. Ko hannunsa ne ya fara gajiya bai gaya mini ba. Ko kuwa, wanda ya fi ci mini rai, jira yake yaron ya ce a'a Baba, naka za a bari. Mutanenmu haka suke, in an miƙo maka abin da kake so sai ka ce a bar shi, ka jira a matsa maka. Alhaji ya san wannan, da shi ne da ya matsa. Ɗansa bai matsa ba.

Da yamma Malam ya je ya ɗauko murfin daga cikin bola, ya wanke, ya rataye shi a ƙusa a bangon ɗakinmu. Ba a ɓoye ya ɗauka ba, mai gadi yana kallo. Juma'a na zuwa ya ce in tankaɗe toka. Na ce ta me? Ya nuna bango. Haka muka ci gaba, shi yana goge murfin da ba ya rufe komai, ni ina tankaɗe.

Sabon kuwa, gaskiya zan faɗa ko ba ta yi mini daɗi ba, bai yi komai ba. Na yi ta jiran ya ɓare ko ya yi tsatsa, ya ƙi. Duk wanda aka ba ƙyalle zai iya da shi. Sannu a hankali aka gane motar ma duk wanda aka ba makulli zai iya da ita. Aka kawo wani direba mai gudu, aka ce Malam ya tsufa da bin ayarin kamfe. Ya koma kai kuku kasuwa da ɗauko gas.

Sai aka fara neman wurin da masu tsaron Yallaɓai za su riƙa kwana. Yana da wani mutum, mai riƙe masa jaka da waya, ƙato mai jan ido. Shi ya shigo mana ɗaki ko sallamar kirki babu, wai yana duba tabarma nawa za ta shiga. Ya ga murfin a bango. Ya cire shi ya fita da shi.

Da la'asar aka kira Malam bakin get. Na bi shi na tsaya a bayan motoci. Mutane cike a bencina, 'yan unguwa, 'yan siyasa, masu neman taimako, har da waɗanda Malam yake sahu ɗaya da su a masallaci. Murfin na ƙasa gaban Yallaɓai. Mai jakar ya yi bayani da ƙarfi, cewa kayan motar marigayi ne aka samu a ɗakin direba, Allah kaɗai Ya san me da me ya riga ya fita. Malam ya ce a bola ya ɗauka. Mai gadi yana nan, ya juya fuska yana kallon titi, don shi ma yana da 'ya'ya.

Yallaɓai yana murmushi. Wannan murmushin ne ba zan manta ba. Ya ce, "Baba Direba, ka san zamanin da muke ciki kuwa? Ka san hukuncin hannun da ya ɗauki abin da ba nasa ba?"

Sai mai jakar ya kamo hannun Malam na dama, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya sa gefen tafinsa a wuyan hannun yana gwadawa, yana tambayar mutane ko daga nan ne ko a ƙara sama. Wasu suka yi dariya. Wasu suka sunkuyar da kai. Hannun nan, layukan tafinsa baƙi ne da toka da kananzir, ba sabulun da yake fitar da su. Malam bai fizge ba. Yaron kawai yake kallo. Yaron kuma bai ce a sake shi ba sai da dariyar ta ƙare don kanta.

Hajiya ce ta aiko daga cikin gida ta ce a bar maganar. Yallaɓai ya tura murfin da ƙafa ya ce Malam ya ɗauki kayansa, an bar masa, amma ɗakin ana buƙatarsa. Ba alƙali, ba kotu, ba shaida. Daga baya na tambayi limamin unguwarmu, ya ce abin da aka jefar ba a satarsa, Shari'a ba ta san wannan magana ba. Na ce na sani. Ba Shari'a ce ta kama hannun mijina ba. Wanda ya are ta don ya ƙwace ɗakinmu shi ya kama.

Muka koma Gama, ɗaki ɗaya a gidan haya kusa da 'yarmu. Malama ce ta taya ni ɗaure kwanuka, tana kuka ina kuka. Daga ranar Malam ya daina fitar da hannun damansa. Kullum yana cikin aljihun riga. In an miƙo masa hannu a masallaci sai ya yi kamar yana gyara hula. Ya daina ci da mutane. Ba a yi watanni da yawa ba, wata safiya ya tashi zai ɗauki buta ta faɗi. Ɓarin dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne. Likita ya faɗi abin da ya karanta. Ni na san daga inda aka gwada, daga nan hannun ya fara mutuwa.

Yadda ya rasu zan bar shi sai ƙarshe, don in na faɗa yanzu ba zan iya ci gaba ba. Daga gidan Nassarawa an aiko da buhun shinkafa ranar sadakar uku. Na ce a mayar. Yallaɓai kansa bai zo ba, yana majalisa, ya ci zaɓensa.

Na yi takabata na gama. Na zauna ina tunani, mace, tsohuwa, ba karatu, ba ɗa namiji, me zan iya yi wa mutumin da yake tafiya da jiniya? Na yi Allah Ya isa har muryata ta dushe, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina so in ga abin da idona.

Sai lokacin zaɓe ya sake zagayowa, yana neman komawa. Aka shigo unguwa ana raba wa mata sabulu da atamfa mai hotonsa. Maƙwabta suka ɗauka zan ƙi karɓa. Na sa mayafi na shiga layi na karɓa. Na dawo gida na wanke ta har ta yi laushi, na yayyaga ta, kowane ƙyalle da fuskarsa a tsakiya. Ranar Juma'a na naɗe fuskar nan a yatsu biyu, na dangwala ta a toka da kananzir, na bi murfin da ita daga kai zuwa gindi. Tun da Malam ya rasu ban ci abinci da daɗi ba sai ranar.

Daga nan na fara fita da murfin. In naɗe shi a zane in ɗora a ka. Duk inda mata suka taru, suna ne, biki ne, gaisuwar mutuwa ce, ina nan. Gama, Giginyu, har Hotoro na je a ƙafa inda na ji ana taro gidan wata da muka taɓa haɗuwa a asibiti. Ba na zagi. Sai an ci an sha, wata ta ce Inna me kika ɗauko haka, sai in kwance. Mata su matso suna kallon fuskarsu. In ce wannan shi ne abin da aka ce mijina ya sata. In ba su labari kamar yadda na ba ki, in kama wuyan hannuna in nuna musu inda aka gwada. Kusan kowace a cikinsu tana da miji ko uba ko ƙane da yake aiki a gidan wani a Nassarawa. Ba sai na ce musu kada su zaɓe shi ba.

'Yata ta ce ina kunyata ta, mutane za su ce na taɓu. Na ce su ce. Ba a daɗe ba labari ya zo mini cewa ayarinsa ya ratsa wata unguwa, mata suka fito ƙofar gidaje, ba guɗa ba tafi, kowace ta riƙe wuyan hannunta na dama ta ɗaga. Ban koya musu haka ba. Da na ji, sai da na zauna a ƙasa.

Wata Juma'a da hantsi, ina tsakar gida na baje kayan gugata, sai ga sallama. Yallaɓai ne, cikin farar shadda, ya yi ƙiba, gemun ya tafi. Mai jakar na biye da shi, na ce wannan ya tsaya a zaure. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce Inna. Ya yi mini ta'aziyyar da ta makara da shekaru. Ya ce abin da ya faru wasa ne ya wuce gona, shi bai taɓa nufin a taɓa Baba Direba ba, kuma Hajiya har ta rasu tana yi masa faɗa a kai. Ya ce ya zo ne da abu biyu. Yana so ya mayar da murfin kan motar mahaifinsa, inda ya dace da shi. Kuma ya sa sunana a kujerar Makka ta bana.

Malama, kin san ni. Kin san tun muna Nassarawa in jirgin alhazai ya wuce sai na bar abin da nake yi na bi shi da ido. Ni da Malam mun sha cewa wata rana.

Na tambaye shi ko sabon ya lalace ne. Ya ce a'a, yana nan kamar jiya aka ɗaura. Na ji haushin wannan. Na kuma gane ba motar ce take neman murfin ba, kaina yake so a sauke wa kaya.

Na tura masa kwanon toka, na miƙa masa tsumma, na ce ai yau Juma'a ce. Ya karɓa. Ya warware ƙyallen ya ga abin da ke jiki, rabin fuskarsa ya cinye, saura ido ɗaya da hula. Na ɗauka zai tashi. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya naɗe tsumman a yatsu biyu, ya ɗiga kananzir, ya fara bi daga kai zuwa gindi, hanya ɗaya, bai zagaya ba. Yadda aka koya masa. Har ɗan karkata kan da Malam yake yi. Na kau da fuska, hawaye na zuba. Wallahi a lokacin, da a ce ya ce mini Inna ki yafe mini ya tsaya a nan, da ban san abin da zan ce ba.

Amma da ya kai ƙarshen gefe ɗaya sai ya duba agogo. Ya karkaɗe shaddarsa, ya miƙe, ya ɗaga murya ya kira mai jakar ya zo ya ɗauka. A ganinsa an gama ciniki.

Na jawo murfin na ɗora a cinyata. Na ce, "Ban ce zan ba ka ba, Yallaɓai. Na ce yau Juma'a ce."

Ya ce, "Inna, Makka fa."

Na ce, "In na je da kujerarka, me zan roƙa a can? Abin da zan roƙa a kanka ne. Bar ni in roƙa daga nan."

Ya ce to ko yafiya in yi masa. Na ce hannun ba nawa ba ne, mai shi ya tafi, ya bari sai sun haɗu. Nawa rabon kuwa, na zaman da na yi ina ba mijina abinci a baki, ban yafe ba. Sai ya juya ya fita. Akwai baƙin tabo a gaban shaddarsa, na san da shi zai shiga masallaci ko ya koma gida ya sake.

Ranar zaɓe na riga kowa zuwa rumfa. Na dangwala wa abokin hamayyarsa, wanda ko fuskarsa ban sani ba, na danna har tawadar ta kusa huda takarda. Yallaɓai ya faɗi. Masu rediyo sun ce rikicin cikin jam'iyyarsu ne ya kayar da shi. Su faɗi. Ni na san nauyin abin da na ɗauka a ka da nisan da na taka.

Ban je Makka ba, kuma yanzu ƙafafuna sun ce ba za su ba. Wani lokaci in jirgi ya wuce sai in shiga ɗaki. Liman ya yi mini wa'azi a kan yafiya, ya ce ta fi alheri, na ce na yarda ta fi, amma ya gaya mini ko dole ce. Ya ce ba dole ba ce. Na ce to. Na gaya wa 'yata, in na mutu ta ba da murfin ga duk wanda ta ga dama, ko mai sayen gwangwani ne, ban da gidan nan. Ƙyallayen atamfar sun kusa ƙarewa. Na ɓoye guda ɗaya mai cikakkiyar fuska.

To, ga abin da na bari.

Tun da hannun Malam ya shanye ni nake gugar, shi yana kwance yana kallo. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, sai na kai kunne. Safiyar ranar, Juma'a ce, ya ƙi kunu. Ya yi ta kallon bango har na gane. Na sauko da murfin, na zauna a bakin katifa, na goge ina sauri don ina so in je in kira 'yarmu, numfashinsa bai yi mini ba. Na ɗaga masa shi ya gani. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a ciki. Sai na ga yana ƙoƙarin zaro hannun daman nan daga ƙarƙashin mayafi, wanda ya daina nuna wa kowa. Na taimaka masa na ɗora shi a kan ƙarfen. Yatsansa ya ja kaɗan ya tsaya a wata kusurwa. Na sunkuya.

Ya ce, "Uwargida, kin bar gefen nan. Ki ƙara toka, kada ya dushe a hannunmu."